Kafin Mu Taɓa Asusun Ƙungiya Don Sayen Na'urar GPS



A taronmu na ƙarshen watan jiya an kwashe kusan awa guda ana ja-in-ja a kan magana ɗaya, har aka kira Magariba ba a tsayar da komai ba. Wasu daga cikin matasanmu ne suka kawo shawarar ƙungiya ta ciri kuɗi daga asusu ta sayi na'urar GPS ta hannu guda ɗaya. A lissafinsu, in za a yi tafiyar biki ko ta'aziyya sai a ɗora ta a motar ƙungiya, in mota tana gida manomanmu su ara su auna gonakinsu, masu fuloti kuma su ara su tabbatar da iyakarsu. Dattawa suka ce kuɗin marayu da na asibiti ne, ba za a sayi abin wasa da su ba. Matasa suka ce ba abin wasa ba ne, abin ceton rai ne. Shugaba ya ce ofishin sakatare ya je ya bincika ya kawo bayani a rubuce kafin taro na gaba.

Mun bincika gwargwadon iko. Mun zauna da direbobi a tashar Bauchi Road, mun je wurin wani safiyo mai rajista, mun kuma samu wani malamin gona da ya daɗe yana aiki da irin wannan na'ura a ƙauyukan Barikin Ladi da Mangu, har ya ba mu aron tasa muka yi kwana huɗu da ita. Abin da muka fahimta shi ne kowane ɓangare yana da gaskiya, amma shawarar yadda aka kawo ta ba za ta yiwu ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Mota ba ta buƙatar wannan na'ura. Gona tana buƙatarta. Fuloti kuwa, shigar da ita cikin maganarsa neman rigima ne.

Bari mu fara kawar da wani kuskure da muka ji a bakin mutane da yawa a wurin taron, cewa GPS ba ya aiki sai da data ko sai inda akwai sabis. Ba haka ba ne. GPS taurarin ɗan'adam ne na gwamnatin Amurka, ma'aikatar tsaronta ce ta harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Akwai kusan 30 a sama yanzu, suna shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya yana aiko da saƙon lokaci da inda yake. Na'urar da ke hannunka saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Da ta ji taurari huɗu sai ta yi lissafin inda kake tsaye. Ba ruwanta da MTN ko Airtel, kuma ba a biyan ko kwabo. Da can sojojin Amurka suna lalata saƙon da gangan don kada farar hula su samu daidai, sai a watan Mayun 2000 shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Yau kuma ba su kaɗai ba ne: Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma yawancin na'urorin yanzu suna sauraron fiye da ɗaya.

Amfanin wannan bayani shi ne, duk wanda yake riƙe da babbar waya ya riga ya mallaki GPS a aljihunsa. Abin da ke cin data taswira ce, wato hoton tituna da sunayen garuruwa da ake ɗora matsayinka a kai. Ita kuma ana iya sauke ta tun a gida a ajiye a cikin waya. Google Maps yana ba da damar sauke yanki guda, ka ce daga Jos zuwa Bauchi da Kaduna da Abuja, ya ci gaba da nuna maka hanyar mota ko babu sabis. Akwai kuma manhajoji irin su Organic Maps da OsmAnd da suke sauke taswirar Najeriya gaba ɗayanta kyauta. Waɗanda suka yi tafiya Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, sun ga wannan da idonsu: kira ba ya shiga, amma wanda ya sauke taswira tun kafin ya taso yana ganin ɗigonsa yana tafiya a kan titi.

To, in aka zo maganar mota, waya ta fi na'urar hannu nesa ba kusa ba. Mun gwada. Allon Garmin eTrex da muka ara inci 2.2 ne, bai kai rabin na ƙaramar wayar zamani ba. Ba ta magana, ƙara kawai take yi. In kana son rubuta sunan gari sai ka bi haruffa ɗaya bayan ɗaya da ɗan maɓalli. Ku ƙaddara direbanmu yana gangaren Hawan Kibo da fasinja 18, ga tirela a bayansa, ga hazo, a ce ya ƙura ido a kan wannan ɗan allo. Wannan ba taimako ba ne. Waya kuwa allonta babba ne, tana faɗin kwana da murya, tun 2019 ma Google ya sa muryar Turancin Najeriya a ciki, kuma taswirarta ta fi yawan sabuntawa. Abin da motarmu take buƙata maƙalin waya ne mai ƙarfi da za a kafa a gaban direba, da caja mai kyau ta cikin mota, da mutum ɗaya a kujerar gaba wanda shi ne zai riƙa dannawa. Direba kada ya taɓa waya yana tuƙi. Laifi ne a wurin jami'an FRSC, kuma ko babu su a hanya, ran mutane ne a hannunsa.

Wani ya tambaya a taro ko za a nemi irin wadda ake mannawa a gilashin mota, ko a gyara wadda take zuwa a jikin motocin Kwatano. A bar wannan magana. Waɗanda ke jikin mota taswirar ƙasar da aka ƙera motar dominta ce a ciki, shi ya sa za ka ga kana Farin Gada allo yana nuna maka fili fari fat ko wani gari a Amurka. Na gwanjo da ake mannawa a gilashi su ma haka suke zuwa, da taswirar Turai ko Amurka, batirinsu ya riga ya mutu.

Yanzu ga inda muke so a tsaya a yi tunani da kyau, domin shi ne ainihin abin da ya sa matasanmu suka kawo shawarar, ko da ba su fito sun faɗa ba.

Ranar Juma'a 20 ga Yunin 2025 wasu 'yan uwa suka taso daga Basawa ta Zariya a mota guda za su ɗaurin aure a ƙaramar hukumar Qua'an Pan. Dare ya yi musu a yankin Mangun na ƙaramar hukumar Mangu. Rahotanni sun ce hanya ce ta ɓace musu suka tsaya tambaya, aka far musu, aka kashe aƙalla mutum 12, aka ƙona motar. Kafin wannan, ba wanda ya manta da 14 ga Agustan 2021 a Rukuba Road, inda aka tare matafiyan da suka fito daga Bauchi za su koma jihar Ondo, aka kashe fiye da 20. Allah Ya jiƙansu da rahama. Iyayenmu sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma a kan haka aka tashe mu. Abin baƙin ciki, a wasu wurare na jihar nan an wayi gari tsayawa tambayar ita ce haɗarin. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Tun bayan rikicin Satumban 2001 da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 garin nan ya rabu anguwa-anguwa, kuma maƙwabtanmu da muke ciniki da su kullum a Taminus da Katako su ma suna da layukan da in gari ya ɗauki zafi ba sa yarda motarsu ta shiga. Tsoron iri ɗaya ne.

Saboda haka wanda ya ce a nemi abin da zai hana mota ɓacewa bai yi wauta ba, kuma dattijon da ya kira shi abin wasa, da girmamawa muke cewa Baba a sake dubawa. Taswira a waya tana iya hana ka wuce mararrabar da ya kamata ka karya, tana iya hana ka tsayawa cikin dare a inda ba ka san kowa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma dole mu faɗi ɗaya gefen, don kada wani ya riƙe waya ya ɗauka ya riƙe laya. Na'ura hanya mafi kusa ko mafi sauri take nema. Ba ta san an yi jana'iza jiya a ƙauyen da za ta ratsa da kai ba. Ba ta san matasa sun tare titi ba. Ba ta san an sa dokar hana fita ba. Ba ta san wace anguwa ce ta wa ba. In ta ga cunkoso a babban titi tana iya ce maka ka karya dama ka rage minti bakwai, kuma waɗannan mintuna bakwai su ne za su kai baƙo inda ɗan gari ba zai taɓa bi ba a irin wannan rana. Mu da kanmu ta yi mana haka a cikin gwajin da muka yi: daga Bukuru za mu Anguwar Rogo, ta sauke mu daga babban titi ta cusa mu wani lungu, ranar lafiya lau ake, muka wuce muna dariya. Da a wata rana ce ba dariya za a yi ba.

Don haka ga abin da muke gani ya kamata ya zama dokar motar ƙungiya, da na'ura ko babu. Kafin a tashi, a kira wani na can inda za a je, a kira direban tasha da ya bi hanyar jiya ko yau, a tsayar da hanya gari bayan gari a rubuta a takarda. In Abuja ne a rubuta Mararrabar Jama'a, Riyom, Hawan Kibo, Forest, Akwanga, Keffi. In Zariya ne a rubuta Jengre, Saminaka, Pambeguwa. Sannan a buɗe taswira a duba ko hanyar da ta zaɓa ita ce ta takarda. In sun saɓa, takarda ce gaba. Duk inda waya ta ce a sauka daga babban titi, a yi kunnen uwar shegu da ita, za ta sake lissafi da kanta. A lissafa tafiya yadda rana ba za ta faɗi ana hanyar da ba a sani ba, ko da hakan na nufin a tashi bayan Asuba ko a kwana a wani gari. In tambaya ta zama dole, a yi ta a shingen jami'an tsaro ko babban gidan mai ko tasha. Kuma mutumin kujerar gaba ya tura wa sakatare matsayin motar kai-tsaye ta WhatsApp, akwai zaɓin awa 8, don mu da muke gida mu riƙa ganin inda aka kai. Wannan kam yana buƙatar data, kuma zai tsaya inda sabis ya yanke, amma ko ba komai za mu san wuri na ƙarshe da aka gan ku.

Akwai kuma matsalar sunaye, wadda ita kaɗai ta isa ta ɓatar da mutum. Rubuta Tudun Wada ka gani: akwai ta nan Jos, akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ƙaramar hukuma sukutum a jihar Kano. Nasarawa akwai tamu, akwai ta Kano, akwai jiha. Wanda ya rubuta Mararrabar Jos yana zaton kusa da Jos ce, sai ya tsinci kansa a bakin Kaduna kan hanyar Zariya. Ga bambancin rubutu, wani wuri Angwan, wani Anguwan, wani Unguwar. Maganin wannan shi ne kada a dogara da rubuta suna. Mai gidan biki ya tsaya a ƙofar gidansa ya turo ɗigon wurin ta waya, shi ke nan.

Mu koma gona. A nan ne na'urar hannu take da bakin magana, kuma a nan muke goyon bayan a saya.

Da yawa daga cikin manomanmu, masu dankalin Turawa da masara da masu lambun kabeji da karas, ba su san girman gonarsu ba sai dai kintace. Mutum zai ce eka biyar ce saboda haka ya ji daga mahaifinsa. A kan wannan kintacen yake sayen taki da iri da maganin feshi, a kansa yake biyan kuɗin tarakta, a kansa yake biyan haya. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, wato kusan eka biyu da rabi, amma a bakin mutane an cakuɗa su. Malamin gonan da ya ba mu aro ya kai mu gonar wani ɗan ƙungiya da yake biyan kuɗin huɗar hekta biyu duk shekara. Aka danna maɓalli, muka zagaya gefen gonar da ƙafa, muka dawo inda muka fara, na'ura ta ba da hekta ɗaya da rabi da 'yan kai. Muka sake zagayawa ta ɗaya hannun, amsar ba ta yi nisa da ta farko ba. Mai gonar ya yi shiru yana lissafin shekarun da ya yi yana biyan abin da babu shi. Da tsadar buhun taki a yau, manoma goma in suka gyara lissafinsu a damina ɗaya an mayar da kuɗin na'urar.

Za a ce ai waya ma tana da manhajar auna gona. Gaskiya ne, kuma wanda yake da waya mai kyau ya gwada, a fili buɗaɗɗe ba ta cika yin nisa da na'urar ba. Mun yi ta juya wannan a zuciyarmu kafin mu yanke. Abin da ya rinjaye mu abu ne na zahiri. Yawancin dattawanmu manoma ƙaramar waya ce a hannunsu, kuma ba wanda zai ba da aron babbar wayarsa ta kwana biyu a ƙauye da hotunan iyalinsa da manhajar bankinsa a ciki. Waya in ta kunna GPS a rana tana zafi, allon ba ya ganuwa, batir ya ƙare kafin Azahar, a ƙauyen da babu wuta. Ita kuwa eTrex ƙananan batura biyu take ci, irin na agogon bango, waɗanda za ka samu a kowane teburin mai shago, kuma kamfanin ya ce suna kai awa 25. An yi ta yadda ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa ba abin da zai same ta. Wanda ya san ruwan Agustan Jos ya san darajar wannan. Allonta kuma ƙara fitowa yake yi in rana ta haska shi.

Tana da wani amfanin da ba a ambata a taro ba. Tana zana sawun duk inda ka bi, in ka so komawa ta mayar da kai ta kan sawunka. Ƙasarmu ta duwatsu ce da tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cike, daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Bisichi, ga sababbin ramukan masu haƙa da ciyawa ke rufewa da damina. Jos tana kan tudun kusan mita 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,800, kuma in hazo ya sauko a can mutum ba ya ganin abin da ke gabansa taku goma. Yaranmu da ke hawa can yawon Sallah in sun tafi da ita an rage wa iyaye fargaba.

Wacce za a saya? Ra'ayinmu Garmin eTrex 22x. Tana da allo mai launi, tana karɓar katin memori, ana iya zuba mata taswirar Najeriya ta OpenStreetMap kyauta, tana sauraron GPS da GLONASS, tana lissafin faɗin fili. In kuɗi bai kai ba eTrex 10 ta isa aikin gona, sai dai allonta baƙi da fari ne kuma ba ta ɗaukar taswirar kirki. Ita 32x ƙarin da ke cikinta kamfas ne da ma'aunin tsayi, ba ma buƙatarsu, kada mai shago ya ruɗe mu. Manyan irin su GPSMAP 65 da 67 sun fi iya kama saƙo a ƙarƙashin itatuwa da tsakanin duwatsu, amma kuɗinsu ya ninka, kuma 67 batirinta a jiki yake sai an yi caji, abin da muke gudu ke nan. Masu tura saƙo ta tauraro da ake kira inReach sai an riƙa biyan kuɗin wata da kuɗin waje, ba namu ba ne. Ba mu sa farashi a nan ba da gangan, domin da dala yake tafiya, abin da aka faɗa mana makon jiya ba lallai ya kai ranar taro ba. Ma'aji zai zo da farashin wurare uku a rubuce.

In gwanjo za a saya, kada a biya a cikin shago. A fito da ita fili a kunna, a jira ta kama taurari, a buɗe shafin da ke nuna yawansu da girman kuskure, ya kamata ya sauko mita 3 zuwa 5 cikin 'yan mintuna. A buɗe gidan batir a duba ko ya yi tsatsa ko farin gari. A duba robar da ke kewaye da jikinta da murfin wurin caji. A duba kwanan wata, domin a ranar 6 ga Afrilun 2019 lissafin makonni na GPS ya koma sifili, wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta ba tun lokacin suke nuna shekarar da ba ita ba. A karɓi rasit mai lambar na'urar. Araha ba ta ado.

Saura fuloti, kuma a nan muna roƙon a saurare mu da kyau. Kun ji mun ce kuskuren na'urar hannu mita 3 zuwa 5 ne, kusa da gini ko dutse ya fi haka. A gona mai hekta biyu wannan ba komai ba ne. Amma fulotin da muka saba da shi ƙafa 50 ne a ƙafa 100, wato kusan mita 15 a mita 30. Kuskuren mita 5 sulusin faɗinsa ne. Ɗaki guda ne da bayan gida. Ka tsaya a wuri ɗaya da safe ta ba ka lamba, ka dawo da yamma ta ba ka wata. Safiyon da muka gani ya ƙara mana da wani abu: takardun safiyo da yawa a ƙasar nan a kan ma'aunin Minna aka yi su, ita kuwa na'ura daga kamfani a kan WGS 84 take zuwa, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ta fi tsawon fulotin kansa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki lambobin takardarsa ya zuba a na'ura, ta kai shi tsakar gidan maƙwabcinsa, ya rantse da Allah nan ne nasa. Kayan da safiyo ke aiki da su daban ne, kuskurensu santimita ne, kuɗinsu miliyoyi. Kuma ko da na'urarmu ta yi daidai, ma'aikatar filaye da PLAGIS da kotu ba sa karɓar awo sai na safiyon da hukumar SURCON ta yi wa rajista. A garin da maganar ƙasa ta ci rayuka, ba ma so a ji wata rana an ce da na'urar ƙungiyarmu aka je aka tuge turken wani. Muna ba da shawarar a rubuta a littafin aro ƙarara: ba a fita da ita don iyakar fuloti, ko rabon gado, ko shari'ar gona tsakanin mutum biyu. Wanda ya kawo maganar a yi amfani da ita wajen gane kaburbura a maƙabarta shi ma amsarsa ke nan, mita biyar kabari nawa ne.

Abu na ƙarshe shi ne riƙo. Mun ga yadda lasifikar ƙungiya da kujeru suka ƙare, kowa ya ara ba wanda ya san wa ya karɓa na ƙarshe, kuma ofishin sakatare ma yana da nasa laifin a ciki. In an saya, ta zauna a hannun mutum ɗaya da taro zai zaɓa, da littafi. A koya wa matasa biyu ko uku aiki da ita, su ne za su riƙa bin manomi gona, ba a miƙa wa kowa ita haka kawai ba. Mai gona ya sayi batir ya ba yaron kuɗin mota, ya sa wani abu kaɗan a asusu. Duk wanda zai fita da ita bayan gari ya riƙe kwafin rasit da takardar ƙungiya mai hatimi, domin a shingen bincike abu ne da za a tambaya, kuma kafin a fara zagaya gona a gaida mai anguwa da maƙwabtan gonar a faɗa musu abin da ake yi. Baƙo yana zagaya fili da na'ura a hannu abu ne da ke tayar da hankalin mutane a ko'ina.

Abin da za mu gabatar a taro mai zuwa ke nan: maƙalin waya da caja don mota, dokar tafiya a rubuce a liƙa a cikin motar, da eTrex guda ɗaya don gona in ma'aji ya tabbatar kason marayu da na asibiti ba za su taɓu ba. In za su taɓu, a ɗage sayen na'urar zuwa bayan kaka, amma na mota kada ya wuce wannan watan, domin akwai tafiyar ɗaurin aure a gabanmu. Duk mai babbar waya ya zo da ita da caji, za mu zauna rabin awa kafin a buɗe taro mu sauke wa kowa taswira. Masu gyara ko saɓanin ra'ayi su rubuta a ƙasa, za mu tattara mu karanta a gaban shugaba.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya